Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin masana'antu da hukumomin ruwa da lantarki a Jihar Filato, kan ajiye katunan safaya na tsofaffin na'urorin sarrafa injuna

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku da ma'aikatanku, na rubuto muku ne a kan wani al'amari da ba kasafai yake hawa teburin taronku ba, domin mazauninsa can cikin ɗakin sarrafa injuna ne, a bayan ƙofar wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka wanda da yawa daga cikinku ba ku taɓa ganin an buɗe shi ba. Ni ma'aikacin lantarki ne, na yi shekaru ina kula da na'urorin da ke ba injuna umarni a masana'antun Jos da Bukuru, kuma roƙona bai wuce ɗaya ba: ku amince a riƙa sayen katunan safaya, wato madadin katunan lantarkin da ke cikin waɗannan na'urori, ana ajiyewa a sito tun na kan aiki suna da rai, musamman katunan na'urorin da aka girka tagwaye. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a ne saboda na sha rubuta ta a takardar ofis, kuma duk ranar da aka zauna rage kasafin kuɗi, ita ce ta farko da alƙalami yake bi ta kanta.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, na'urar da muke kira PLC wata kwamfuta ce ta masana'anta wadda ba ta da allo kuma ba ta da madannai. Aikinta shi ne ta karɓi labari daga ma'aunan zafi da na ƙarfin ruwa da na cikar tanki, ta yanke hukunci kafin ƙiftawar ido, sannan ta tayar da famfo ko ta rufe bawul. Asalinta daga Amurka ne, inda kamfanin motoci na General Motors ya nemi a ƙera masa irinta a 1968, kuma tun daga lokacin tsarinta bai sauya sosai ba. Kati-kati ake jera ta kamar littattafai a kan kanta: ga katin da ke raba wuta, ga katin ƙwaƙwalwa, ga katunan karɓar saƙo da na fitar da umarni, ga kuma katin sadarwa. A wuraren da tsayuwar aiki take da tsada ko haɗari, kamar matatar ruwan sha ko tukunyar tururi, akan girka ƙwaƙwalwa biyu maimakon ɗaya. A tsarin S7-400H na kamfanin Siemens, misali, wasu ƙananan katuna da wayar gilashi mai ɗaukar haske ne suke haɗa tagwayen, ɗaya tana jan ragama, ɗayar tana bin sawunta taki bayan taki a matsayin ta ko-ta-kwana, ta yadda in ta farko ta faɗi, ta biyu za ta karɓi aiki ba tare da famfo ya ko yi tari ba.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Ranar da ɗaya daga cikin tagwayen ta mutu, babu abin da yake tsayawa. Injuna suna juyawa, motoci suna lodi a bakin ƙofa, rahoton da ya isa ofishin manaja da safe yana nuna an yi aiki cikakke. Alamar da ake gani kawai ita ce wata 'yar jar fitila a fuskar katin, da layi ɗaya a allon mai gadin injuna wanda yakan danna ya kawar da shi don ƙarar gargaɗinsa ta dame shi. Daga wannan sa'a masana'antar ta koma tafiya da ƙafa ɗaya, duk kuɗin da aka kashe wajen girka tagwaye ya tashi aiki, amma tun da ba wanda ya ji a jikinsa, ba wanda yake gaggawa. Direban da ya ɗaura tayar safaya a hanyar Akwanga ya san ba shi da wata, kuma ba zai wuce mai faci na farko ba tare da ya tsaya ba. Mu kuwa sai mu yi watanni a haka muna jiran takarda ta zagaya ofisoshi.

Na ga haka da idona a wata masana'anta da ba zan ambaci sunanta ba. Na buɗe akwatin wata rana da safe na tarar da fitilar da aka rubuta wa REDF tana ci ja, wato tagwayen sun daina jin juna, kuma bincike ya nuna ɗaya daga cikin ƙananan katunan da ke haɗa su ne ya lalace, abin da bai fi akwatin ashana biyu girma ba. Na rubuta buƙata a ranar. Amsar da ta dawo bayan mako biyu ita ce tambaya: shin aiki ya tsaya? Na ce bai tsaya ba. Aka ce to a bari sai kasafin zango mai zuwa. Ana cikin haka damina ta kankama, kuma duk mazaunin Jos ya san irin tsawar da ake yi a kan wannan tudu a watannin Yuli da Agusta. Wani dare aka yi wata tsawa da ta bi ta layin wuta ta kashe katin raba wuta na ɓangaren da ke jan ragama, ɓangaren ko-ta-kwana kuwa yana nan lafiya ƙalau amma bai san inda aka kwana ba, domin an daɗe da yanke masa labari. Komai ya tsaya cak da kaya a cikin bututu. Muka kwana muna cire katin wuta daga ɓangare ɗaya muna mayarwa ɗayan da hasken tocila, muka tayar da na'urar da asuba, amma kayan da suka daskare a cikin layi sai da aka yi kwanaki ana fasa bututu ana wankewa. Abin da aka zubar a kwata a wannan mako ya ninka kuɗin wancan ɗan kati sau da yawa, kuma a ƙarshe an saye shi ɗin, a jirgin sama, a farashin gaggawa.

Ba na zargin jami'in da ya yi mini waccan tambaya. A littafinsa, kati a sito kuɗi ne da aka binne, ba ya haihuwa, kuma masu binciken kuɗi za su zo ƙarshen shekara su tambaye shi dalilin sayen abin da ba a yi amfani da shi ba. Asarar tsayuwar aiki kuwa ba a shafinsa take fitowa ba, tana fitowa ne a shafin sashen sarrafa kaya, ko kuma, in hukumar ruwa ce, a jikin matan da za su fita da jarkoki neman 'yan ga-ruwa. Ku ne kaɗai kuke ganin shafukan biyu a lokaci guda, shi ya sa na nufo ku da maganar. Abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin katin a gefe ɗaya, da abin da ake asara a kowace sa'a ta tsayuwa a ɗaya gefen, a ninka shi da yawan sa'o'in da za a ɗauka kafin sabo ya iso Jos. Kowane manaja ya san adadi na biyu a kansa. Adadi na uku ne ba a cika tambaya ba.

Shi kuwa wannan adadi na uku sai ƙaruwa yake yi. Katin PLC ba kayan mota ba ne da za a aiki yaro Dilimi ko Farin Gada ya sayo kafin azahar. Sai an nemi wakilin kamfani a Legas, a buɗe takardar Form M in za a shigo da shi, a nemi dala, a jira kwastam. A 2021 da 2022, lokacin da aka yi ƙarancin ƙananan ƙwayoyin lantarki a duniya, masu sana'armu a Jamus da Amurka ma sun jira wasu katuna watanni da yawa, balle mu da muke ƙarshen layi. Sannan ga batun naira: a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya sayi katin safaya kafin wannan lokaci ya ajiye, to ya yi cinikin da ya fi ajiyar banki riba, ko da kuwa masu binciken kuɗi sun taɓa yi masa tambaya a kai. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan sana'a ranar tafiyar ba ta sanarwa.

Babban abin da ya fi damuna shi ne kamfanonin da suka ƙera waɗannan na'urori suna rufe ƙofa a kansu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ɓoye suke yi ba, suna shelar ranakun shekaru kafin su zo. SIMATIC S5 na Siemens, wanda ya fito a 1979, an kammala rufe babinsa a 2020. PLC-5 na Allen-Bradley an daina ƙera shi a 2017. S7-300 na Siemens, wanda ya cika akwatunan masana'antunmu tun daga tsakiyar shekarun 1990, an sanar da fara janye shi a watan Oktoban 2023, tare da alkawarin ci gaba da samar da kayan gyaransa na shekara goma daga wannan rana, wato zuwa 2033, kuma a al'ada farashin kayan gyara yakan hau da zarar an shiga wannan mataki. A nan Filato muna da dalilin yarda cewa tsohon inji yana iya daɗewa, tun da kamfanin NESCO yana samar da wuta daga ruwan Kurra tun zamanin haƙar kuza, an kafa shi a 1929. Sai dai akwai bambanci. Ƙarfen da ya cinye ana iya kai shi wurin masu sassaƙar ƙarfe su fitar da irinsa, a naɗa wa injin sabuwar waya, a yi walda. Ƙwayar lantarkin da aka daina bugawa a masana'antarta kuwa babu maƙerin da zai ƙera ta, komai gwanintarsa.

Ba ina cewa a sayi biyu-biyu na kowane abu ba. Wannan ɓarna ce, kuma irin wannan jerin buƙata mai tsawo ne yake sa ofishin kuɗi ya daina sauraronmu. Tambaya uku sun isa a tace jerin: me zai faru in wannan katin ya mutu, kwana nawa kafin a samu wani, kuma har yanzu ana ƙera shi? In aka bi haka, za a ga abin da ya rage kaɗan ne. Katin raba wuta yana kan gaba, domin shi ne yake shan duka daga wutarmu mai hawa da sauka da sauyi tsakanin layi da janareta. Sai katunan haɗa tagwaye da wayoyinsu, da katin sadarwa, da ƙwaƙwalwa guda ɗaya, da ɗaya ko biyu daga katunan da ke karɓar saƙon ma'aunai, saboda wayoyinsu suna fita fili inda tsawa take samunsu.

Akwai wani abu da nake so jami'an sayayya su saurara da kyau, domin a nan ne ake asarar kuɗi ko bayan an amince an saya. A tsarin tagwaye, kama ba ta wadatarwa. Dole ne katin da za a saka ya dace da ɗan'uwansa a lambar oda da kuma zubin manhajar da aka dasa a cikinsa, in ba haka ba su ƙi haɗuwa. A na'urorin ControlLogix na Rockwell, katin haɗa tagwaye na 1756-RM2 shi ya gaji 1756-RM, amma ba a haɗa tsoho da sabo a matsayin tagwaye, sai dai a sauya duka biyun. Saboda haka kalmar nan "ko makamancinsa" da ake son saka wa a takardar kwangila don a buɗe ƙofar gasa, wadda take da amfani wajen sayen kujeru da siminti, a nan guba ce. Ɗan kwangila zai kawo abin da ya fi araha, a karɓa a sa hannu, a ajiye, sai daren da ake buƙatarsa a gane ba ya shiga. Dokar sayayya ta gwamnatin tarayya ta 2007 ma ta san da irin wannan hali, domin ta ba da damar saye kai-tsaye daga mai kaya ɗaya idan dacewa da na'urar da ake da ita ta tilasta haka. Ina roƙon hukumomin jiha su duba irin wannan dama a dokokinsu, masana'antu masu zaman kansu kuma su bar injiniya ya rubuta cikakkiyar lamba, kuma kada a biya kuɗi sai an gwada katin a gabansa.

Ga na'urorin da aka riga aka daina ƙerawa, ba makawa sai an shiga kasuwar na hannu, ko a intanet ko wurin dillalai. Ana samun na kirki, ana kuma samun wanda aka ciro daga bola aka goge aka sa a sabon kwali, har da na jabu. Araha ba ta ado. A nemi mai ba da garanti a rubuce, kuma a yi sayayyar yau da ake da sararin mayar da kaya in sun ƙi.

Sayen katin rabin aiki ne, ajiye shi shi ne sauran rabin, kuma a nan laifin namu ne mu ma'aikata fiye da naku. Na taɓa shiga wani sito na tarar da katin ƙwaƙwalwa tsirara a kan kanta ɗaya da gwangwanayen giris da ƙusoshi, ƙurar hunturu ta yi masa lulluɓi. Wanda ya taɓa kama hannun ƙofar mota a watan Janairu a Jos ya ji wani ɗan tartsatsi ya cije shi, to ya san abin da ke kashe waɗannan katuna, domin tartsatsin da bai kai mutum ya ji shi ba ma ya isa ya lalata ƙwayar da ke ciki. Don haka katin ya zauna a cikin ledarsa ta musamman mai hana wannan tartsatsi, a kabad mai kulle, nesa da danshin damina da zafin rufin kwano. Sanyin garinmu, da yake muna sama da mita 1,200 daga teku, gata ne da abokan aikinmu na Kano da Legas ba su da shi, tun da ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar kondensa mai ruwa a ciki, wato wata 'yar ma'ajiyar wuta da ke jikin katin. Amma ita wannan kondensa tana lalacewa ko a ajiye in an daɗe ba a ba ta wuta ba, batirin da ke riƙe manhaja shi ma yana mutuwa a cikin kwali. Maganin shi ne a haɗa ɗan ƙaramin teburin gwaji a ɗakin gyara, a riƙa ɗora kowane katin safaya a kai sau ɗaya a shekara, a ba shi wuta, a rubuta kwanan wata a jikin ledarsa. A lokacin babban gyaran shekara kuma a gwada tagwayen da gangan, a kashe mai jan ragama a ga ko ɗayar za ta karɓa. Manajoji da yawa suna jin tsoron wannan gwaji, ni kuwa na fi son in ga gazawar da rana, da kowa a wurin, da kati a hannu.

Na san abin da wasunku za su ce a zuci, cewa kaya mai tsada da ƙanƙanta irin wannan ƙafa yake yi ya fita daga sito. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma kowane kati yana da lambarsa ta daban da ba ta maimaituwa, kuma littafi ɗaya da sa hannun mutum biyu, mai kula da sito da shugaban sashen lantarki, tare da ƙidaya duk wata uku, sun isa su tsare abin da bai fi cikin kabad ɗaya ba. Sharaɗi ɗaya kawai nake roƙo, a bar mabuɗi inda mai aikin dare zai same shi. Katin da ke kulle mai mabuɗin yana barci a Rayfield da ƙarfe biyun dare, wayarsa a kashe, bai fi wanda ke Legas kusa ba sosai.

Haka kuma katin ƙwaƙwalwa sabo fanko ne, sai an zuba masa manhajar da ke tafiyar da masana'antar. Sau da yawa wannan manhaja tana cikin tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya mai Windows XP, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun 2014, da wata waya ta musamman da ba a samunta a kasuwa, da kalmar sirri da ke kan mutum ɗaya, wani lokaci ma ɗan kwangilar da ya girka na'urar ya tafi da ita ƙasarsu. Waɗannan duka kayan safaya ne, a lissafa su tare da katunan. A kwafi manhajar a ajiye a wuri biyu, a sabunta kwafin duk lokacin da aka yi gyara, kuma dattawan da suka san tsofaffin na'urorin nan a haɗa su da matasa kafin su yi ritaya, domin yaran da ke fitowa daga jami'a da kwalejin kimiyya yanzu sababbin na'urori aka koya musu.

Wata shawara da ba ta buƙatar kuɗi ita ce masana'antun da ke Jos da Bukuru su san abin da ke siton juna. Da yawa daga cikinmu iri ɗaya muke amfani da shi, kuma a ɓoye mun daɗe muna ba juna aron kati da dare bisa amana, abin da zai iya jawo wa ma'aikaci kora in aka gano. In Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya ko Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya ta ɗauki nauyin riƙe jerin a nan jihar, da ƙa'idar aro da biya a rubuce, abin zai fito fili ya zama tsari.

Ajiye safaya ba zai hana ranar sauya tsohuwar na'ura zuwa ba, lokaci kawai yake saya muku domin ku yi sauyin a tsanake, layi bayan layi, a ranar da kuka zaɓa. Kuma duk layin da aka sabunta, katunan da aka ciro daga cikinsa kada a sayar wa 'yan gwangwan, a gwada su a ajiye, su ne safayar layukan da suka rage.

Abin da nake roƙo ku yi a wannan mako shi ne kowannenku ya kira shugaban sashen lantarkinsa, ku tafi tare ɗakin sarrafa injuna, a buɗe akwatunan a gabanku. Ku tambaye shi ko akwai jar fitila da ke ci, tun yaushe take ci, wane kati ne in ya mutu yau babu madadinsa a cikin gida, da kuma shekarar da kamfanin da ya ƙera shi ya ce zai daina sayar da shi. Ku ba shi mako biyu ya kawo amsar a shafi ɗaya da farashi a gefe, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa, kuma a ba wannan shafi layinsa na kansa a cikin kasafin, dabam da kuɗin gyare-gyaren yau da kullum.

Na gode da sauraro. Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi riƙo da hannayenku.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin na'urorin sarrafa injuna,
Jos, Jihar Filato.